Amsar tambayarka game da sunan jariri a Amurka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, mun kuma yi barka da ƙaruwar da Allah Ya ba ku, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Ka tambaye ni ko ya halatta ka aiko da kuɗin rago a yanka nan Kumasi, ka bar taron suna gaba ɗaya, tunda a unguwar Bronx ta birnin New York ɗakinku ƙarami ne, aiki ba ya ba ka hutu, kuma asibiti ta riga ta sa kun rubuta suna a takarda kafin a sallame ku.

Rubuta sunan ba laifi ba ne, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Yanka kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya rago ɗaya ne ga namiji ko mace, ana yin sa da hantsi a rana ta bakwai, kuma idan an haihu bayan alfijir ba a ƙirga ranar haihuwar, shi ya sa suna yake faɗawa ranar da ta zagayo. Wakilci ya halatta, ni da kaina zan tsaya a yanka a raba. Aski ma ka yi shi, ko da ba wanzami, ka yi sadaka da kimar nauyin gashin na azurfa. Amma cire beli, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kunun kanwa, waɗannan al'ada ce kawai, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da danganta wankan da kanwar da ciwon zuciyar masu jego, saboda haka kada ka bari kowa ya matsa wa matarka a kansu.

Inda ban yarda da kai ba shi ne barin taro. Ka tuna mu ma baƙi ne a ƙasar nan ta Ghana. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Gwanja daga Kano, kuma da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, suka bazu zuwa Karachi (wato Kete-Krachi) da Kumasi da Ankara (wato Accra). Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Karachi ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Mutanen nan ba su ce sai sun koma gida za su yi suna ko ɗaurin aure ba. Inda dare ya yi musu suka shimfiɗa tabarma, suka naɗa liman, suka raba goro, kuma haka zango ya zama gari. A 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su fita, na ga gidaje a unguwarmu sun zama kango, na kuma ga cewa waɗanda aka riƙe musu kaya da amanar 'ya'ya su ne waɗanda aka saba gani a suna da jana'iza. Yaron nan a can zai tashi, kuma mutanen da za su san shi, su tsawata masa, su tsaya masa ranar neman aure, suna can tare da kai. Ragon da na yanka a Kumasi ba zai gabatar da shi gare su ba.

Saboda haka a yanka ranar bakwai, kai kuma ka bari sai Asabar, ka roƙi limamin masallacinku bayan sallar asuba, ka kawo dabino da goro idan an samu, a yi fatiha a faɗi sunan a bainar jama'a. Ka gayyaci maƙwabtanka, har waɗanda ba Musulmi ba, kamar yadda muke kai wa Asantawa naman suna.

Tunda sunan mahaifinka ka sa masa, ka sani mahaifiyarka ba za ta iya kiran sa ba saboda alkunya, don haka ku kira shi Abba a gida, kuma ku yi masa Hausa tun yana goye, domin Turanci zai same shi a makaranta ko ba ku nema ba. Ka sanar da ni rana da sa'ar da aka haihu don in ƙirga daidai. A gaishe da mai jego.