Wai ma'aikatan likita ba su da tausayi ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ni uwar 'ya'ya huɗu ce a nan Maradi. Satin da ya wuce cikin dare jikin autana ya yi zafi rau har yana fizge-fizge, muka ruga CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na kusa da mu, wallahi kusan awa biyu muna kan benci, da na matsa in yi magana sai nas ɗin da ke gardin dare ta daka min tsawa gaban mutane wai ita kaɗai ce ba ta da hannu goma. Har yau abin na min ciwo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Tsawar nan ba daidai ba ce, kuma yaro mai fizga ba ya bin layi, shi ake fara dubawa, an koya masu wannan tun a lakwal.

Amma "ni kaɗai ce" ɗin da ta ce gaskiya ta faɗa miki. Daga Agusta zuwa Oktoba masassarar cizon sauro ke cika ko'ina, ga tamowa a kai, mutum guda ita ce mai gwajin jini ita ce mai neman jijiya a hannun jariri, kuran ya ɗauke ta kama waya da baki tana haskawa, wata ma 'yar kwantaragi ce da ke bin bashin albashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ana buƙatar likitoci da nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1000, mu a Nijar ko kusa ba mu kai ba. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, to idan kuɗin da gwamnati za ta mayar wa CSI suka makara sai magani ya ƙare, ita za ta rubuta ordinansi a je a sayo magani a waje, ita za a zaga. Na san masu ilimin aikin sosai da gajiya ta mayar da su masu faɗa, abin na ba ni tausayi ƙwarai.

Ki je da rana ki samu majo, wato shugaban CSI ɗin, ki gaya masa cikin natsuwa, ko ki kai wa 'yan COGES, kwamitin da ke wakiltar jama'a, su ma su san mutum guda ake bari da gardi. In kuma Allah ya kiyaye ya sake faruwa, tun daga bakin ƙofa ki ɗaga murya ki ce yaro na fizga.