Ina siyasa a cikin labaran fatalwa na Ingila?

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta kundin digiri na biyu a kan adabin Gotik na Ingila, wato labaran ban tsoro. Mai duba aikina ya ce in nemo siyasar da ke ciki, ni kuwa ban ga komai ba sai kangayen fadoji da fatalwa. Ina siyasar take?

Amsa: Ɗalibi, fara da lura da shekarun. Horace Walpole ne ya buɗe wannan salo a 1764, amma kasuwarsa ba ta ci sosai ba sai bayan juyin juya halin Faransa na 1789, lokacin da mutanen Ingila suka rabu biyu a kan sarauta da gado. A idon masu neman sauyi, tsohuwar fada mai kurkuku a ƙarƙashinta tsohon mulki ce.

Sai dai ni da zan ba ka shawara, ka bar fatalwa ka kama Caleb Williams na William Godwin, wanda ya fito a 1794. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Bara ne ya gano ubangidansa Falkland ya yi kisan kai, sai mai gidan ya ɗora masa sata, ya sa aka ɗaure shi, ya riƙa farautarsa gari gari. Abin tsoron shi ne mai dukiya da shari'a ke bayansa. Shekara guda kafin nan Godwin ya fitar da littafinsa na falsafar adalci a siyasa, wannan labarin kuwa hanya ce ta kai hujjar ga waɗanda ba su karanta falsafa.

Ga inda bincike yake da daɗi. Gabatarwar da Godwin ya rubuta wa Caleb Williams tana ɗauke da kwanan watan 12 ga Mayu 1794, ranar da aka kama Thomas Hardy, badukun Landan da aka tuhuma da cin amanar ƙasa. An tsorata, aka cire ta, sai a bugu na biyu na 1796 ta fito. Ƙarshen labarin ma ya sake shi kafin a buga. Kwatanta ƙarshen biyu kaɗai ya isa babi guda.

Kada fa ka ɗauka duk marubucin Gotik ɗan tawaye ne. Walpole ɗan firaminista ne. In kana son faɗaɗawa, bi gidan Godwin: matarsa Mary Wollstonecraft ta rubuta Maria, labarin matar da miji ya kulle a gidan mahaukata, 'yarsu Mary Shelley kuma ta sadaukar masa da Frankenstein a 1818.