Ciwon Gaban Tafin Ƙafa Da Ya Ƙi Tafiya Bayan Rauni: Amsoshin Likita

Tambayoyin wannan mako sun fito ne daga masu karatu a Jos, kuma duk sun shafi wuri guda, wato tudun nan na tafin ƙafa da ke gindin yatsu, wanda nauyin jiki ke komawa kansa duk lokacin da diddige ya ɗaga daga ƙasa.

Tambaya daga wani mai sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada: Likita, wata 3 ke nan da na diro daga bayan mota na taka da gaban ƙafa. An ɗauki hoto a ranar, aka ce babu karaya. Na je wurin mai ɗori ya ja ƙafar, amma har yau tana kumbura da yamma, kuma ba na iya doguwar tsayuwa.

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. A ƙafar mutum akwai ƙasusuwa 26, kuma 5 daga cikinsu dogaye ne sirara da suka taso daga tsakiyar ƙafa suka ƙare a gindin yatsu. Kawunansu ne kake takawa a wurin da ke maka ciwo. Ƙaramar tsagewa a ɗaya daga cikinsu, musamman na biyu ko na uku, sau da yawa ba ta fitowa a hoton da aka ɗauka ranar da aka ji raunin, sai bayan mako 2 ko 3, lokacin da sabon ƙashi ya fara taruwa a bakin tsagar. Saboda haka hoton farko bai isa ya wanke ƙafarka ba, kuma ina ba ka shawarar ka je sashen ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a sake duba ta, a ɗauki sabon hoto kana tsaye da nauyinka a kanta, domin akwai gocewar gaɓoɓin tsakiyar ƙafa da ba ta bayyana sai an taka. Idan ka tuna cewa jini ya taru a tafin ƙafar a kwanakin farko, lallai ka faɗa wa likitan, alama ce mai muhimmanci.

Irin wannan tsagewa takan haɗe cikin mako 6 zuwa 8 idan an rage mata nauyi, amma wanda ke wuni a tsaye cikin silifas na roba yana ɗaga buhuna kullum yana sabunta raunin ne. Ja da murzawa kuma ba su da amfani ga ƙashin da bai goce ba, hasali ma sukan ƙara kumburi, don haka ka dakatar da su. Ka nemi takalmi mai taurin ƙasa wanda ba ya lanƙwashewa a gaba, ka ajiye kujera a rumfa, ka bar wa yaranka ɗaukar kaya na ɗan lokaci, da yamma kuma ka ɗora ƙafar a kan matashi ka sa mata ƙanƙara a cikin tawul na minti 15 zuwa 20. Na san kasuwa ba ta jira, amma mako 6 na lallaɓawa ya fi sauƙi a kan shekara guda ta ɗingishi. Idan kana shan taba, ka sani tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Rikkos: Na zame a matattakala da takalmi mai tsini. Kumburin ya saɓe, amma ina jin kamar akwai tsakuwa a takalmina, ga raɗaɗi da ke harbawa zuwa yatsu.

Amsa: Malama, abu biyu nake zargi. Na farko shi ne kaurin jijiyar ji da ke ratsawa tsakanin ƙasusuwan, galibi tsakanin yatsa na uku da na huɗu, wanda ke kawo raɗaɗi da dindiris, kuma yakan lafa idan an cire takalmi. Na biyu shi ne yagewar tantanin da ke riƙe gindin yatsa ta ƙasa, wanda ya fi faruwa a yatsa na biyu. Alamarsa ita ce yatsan ya fara ɗagewa ko karkata zuwa ga babban yatsa. A duka biyun, ki ajiye takalmi mai tsini da mai matsattsen baki, ki koma mai faɗi, ki kuma nemi ɗan matashin takalmi da masu gashin ƙashi ke bayarwa. Ana sa shi ne daga bayan wurin ciwon, ta wajen tsakiyar ƙafa, domin ya ɗauke nauyi daga kawunan ƙasusuwan. Idan aka sa shi daidai kan ciwon sai zafin ya ƙaru. Kada ki yarda a yi miki allurar kashe kumburi a wurin kafin a tantance matsalar, domin allurar tana iya ƙara raunana tantanin da ya riga ya yage.

Tambaya daga wani dattijo a Gangare: Tun da na yi tuntuɓe, gindin babban yatsana ke ciwo, ya fi tsanani idan na yi sujada.

Amsa: Baba, a ƙarƙashin gindin babban yatsa akwai wasu ƙananan ƙasusuwa 2 da ke kwance cikin jijiya, kuma lanƙwasa yatsan sama, kamar yadda ake kafa shi a sujada, yana matse su sosai. Sukan yi jinkirin warkewa, wani lokaci har watanni. Addini ya yi sauƙi a nan, domin a hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito an umarci marar lafiya ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba ya yi a zaune. Sai ku tuntuɓi malaminku kan yadda za ku sassauta wa yatsan har ya warke. Idan kuma gaɓar ta taɓa yin ja da zafi mai tsanani cikin dare ɗaya, a auna muku gishirin yurik a jini, wato sinadarin da taruwarsa a gaɓa ke kawo irin wannan ciwo.

Tambaya daga wani matashi ɗan ƙwallo a Unguwar Rogo: Ina shan maganin kashe zafi na diclofenac kullum kafin atisaye saboda ciwon gaban ƙafa, shin akwai illa?

Amsa: Akwai, ɗana. Yawan shansa yana jawo gyambon ciki, yana kuma cutar da ƙoda, sannan yana ɓoye maka zafin da ke gargaɗinka cewa ƙafar ba ta shirya ba. Kada ka koma fili sai ka iya tafiya ta rabin awa da sauri, ka kuma iya ɗage a kan yatsun ƙafar ita kaɗai, ba tare da magani ko ciwo ba.

Tambaya daga wata uwargida a Bukuru: Mahaifiyata mai ciwon suga ta bugu a gaban ƙafa, muna gasa mata da ruwan zafi saboda sanyin garin nan, amma kumburin bai saɓe ba, ga ƙafar da ɗumi, ita kuwa ta ce ba ta jin zafi sosai.

Amsa: Hajiya, don Allah ku daina gashin daga yau. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji, ta yadda ruwan zai iya ƙona ta, ko ƙashi ya karye, ba tare da ta sani ba. Kumburi da ɗumi a ƙafar mai suga, ko da babu ciwo, na iya nufin ƙwayoyin cuta sun shiga ko gaɓoɓin ƙafar sun fara rugujewa. Ku hana ta taka ƙafar, ku duba tafin da tsakanin yatsu ko akwai gyambo, ku kai ta asibiti yau ko gobe da safe, tare da magungunan sugan da take sha.