Tsohuwar bindiga "da cikakkun takardunta": ina makomar kafin alƙalamin da ka bayar?

Tambaya: Barista, barka da aiki. A Jos nake zaune, ina da gonar masara ta hanyar Jengre. Birai da ɓarayin amfanin gona sun ishe ni. A wani zauren WhatsApp na ga tallar bindiga mai baki biyu, an rubuta: "Ta hannu ce amma kamar sabuwa, ƙirar waje, ba a taɓa gyara ta ba, da cikakkun takardunta." Muka yi ciniki, na tura rabin kuɗin kafin alƙalami. Da na je gani sai na tarar cikin bakinta duk tsatsa, katakon gindin ya tsage an ɗaure da waya, wajen lambar kuma an kankare an shafa baƙin fenti. Takardar da ya nuna mini lasisin mahaifinsa ne da ya rasu bara. Na ce na fasa, ya ce ciniki ya faɗa, sai dai in cika kuɗi in ɗauka. Ban ɗauka ba. Zan iya kai shi kotu?

Amsa: Malam, barka kadai. Cikin duk abin da ka rubuto, abin da ya fi faranta mini rai shi ne "ban ɗauka ba". Ka tsaya a kan haka. Ko ya ce ka riƙe ta jingina har ya samu kuɗinka, ko ya rage maka farashi, ko ya aiko yaro da ita cikin buhu, kada ta kwana a gidanka.

Da a ce babur ne ko injin ban-ruwa ka saya, da maganarmu ta yi sauƙi. Doka tana raba kalaman talla gida biyu. Akwai kirarin kasuwa, irin su "kamar sabuwa", "lafiya lau take", "ba ta da matsala". Alƙali ba ya cika riƙe mutum da waɗannan, don kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa, kuma "kamar sabuwa" a idon wani tsohuwa ce a idon wani. Akwai kuma magana tsayayya wadda za a iya aunawa a gane gaskiya ce ko ƙarya: "ƙirar waje ce", "ba a taɓa gyara ta ba", "tana da takardu". Idan kaya bai zo daidai da siffar da aka sayar da shi a kanta ba, mai saye yana da ikon ƙin karɓa ya nemi kuɗinsa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce tun dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893 da muka gada, kuma dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana ɗan kasuwa yin bayanin ƙarya ko na ruɗi game da kayansa. A fiƙihu ma ka san akwai mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye. Katakon da aka ɗaure da waya kaɗai ya isa ya ƙaryata "ba a taɓa gyara ta ba".

A wasu ƙasashe ba a bar lafiyar bindiga a bakin mai talla ba. A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga a Landan da Bamingam, suna gwada ƙarfin bututun su buga masa hatimi, kuma laifi ne a sayar da wadda ba ta da shi. A zauren WhatsApp kuwa babu mai gwadawa sai hannunka da fuskarka ranar da bututun da tsatsa ta cinye ya fashe.

To amma bindiga ba babur ba ce, kuma a nan lissafin ya canza. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko waɗanda aka haramta: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu. Sashe na 3 ya ce sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma sashe na 27 ya sa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya saɓa. Na biyu irin taka, mai baki ɗaya ko biyu, da bindigogin farauta. Sashe na 4 ya ce sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, hukuncin saɓawa ɗauri har zuwa shekara 5. Wadda ake ja gaba da baya ta ɗora harsashi, da ake kira fam-akshin, dokar ta cire ta daga wannan sahu, ko da kuwa masu talla suna ce mata ta farauta. Na uku bindigar toka irin ta mafarauta, wadda lasisinta ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Sannan akwai dokar fashi da makami, wadda sashenta na 3 ya ce duk wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Masu gabatar da ƙara sun fi son wannan sashe. Tarar ta tsufa, ɗaurin kuwa yana nan da ƙarfinsa.

Yanzu ka dawo kan kalmar da ta ja ka, "da cikakkun takardunta". A ganina ita ce ƙarya mafi haɗari a tallar nan, ta fi ta tsatsar nesa ba kusa ba. Lasisin bindiga ba ya bin bindiga, mutum yake bi. An ba marigayin ne da sunansa, bayan an duba shi, a kan wannan bindiga mai wannan lamba. Ba a gadonsa, ba a sayar da shi, ba a aronsa. Doka ta ba magada kwana 14 kacal bayan rasuwa su riƙe bindigar mamaci ba da lasisi ba. Mahaifin ya rasu bara, ka ga ke nan shi kansa mai sayarwar yana zaune da laifi a ɗakinsa. Kuma doka ba ta yarda a sayar wa mutum bindiga ba sai ya nuna nasa lasisin ko izini. Kai ba ka da shi. Don haka ko da bindigar tana ƙyalli, ko da a cikin kwalinta take, wannan ciniki ba shi da hanyar halasta.

Lambar da aka kankare ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ba a ɓata lambar bindiga don kwalliya. Da lambar ake haɗa bindiga da lasisi, to idan babu ita, ta ina ka san takardar da aka nuna maka ta wannan bindigar ce? Ta ina ka san inda ta shiga kafin ta zo gabanka? A gari irin Jos, inda jami'an tsaro ke tsaye a hanyoyin shiga da fita, mutumin da aka tsayar a shinge da bindiga marar lamba a bayan mota ba za a tsaya tambayarsa batun birai ba.

Batun kuɗinka. Ƙa'ida ita ce kotu ba ta tilasta cinikin da doka ta hana, kuma sau da yawa takan bar kowa inda ta same shi. Ba za ka iya neman a tilasta masa ya kawo maka mai kyau ba, shi ma ba zai iya ƙarar ka a kan cikon kuɗi ba, saboda haka "ciniki ya faɗa" ɗin da yake yi maka barazana ce kawai. Amma ƙofar neman kuɗinka ba a rufe take ruf ba. Kotu takan saurari wanda ya janye kafin a aiwatar da haramtaccen abu, da wanda yaudara ce ta shigar da shi. Kana da abin faɗa ta fuskokin biyu: ka fasa kafin ka karɓa, kuma an ce maka akwai takardu. Sai dai ka sani, lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya tambaye ka a gaban alƙali, "Ina lasisinka lokacin da ka tura kuɗin?" Duk amsar da ka bayar za ta shiga rubutu. Ka auna yawan kuɗin da wannan kafin ka shigar da ƙara. Ni dai ba da ita zan fara ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce sulhu. Ka sami dattijon da yake jin nauyinsa, ko mai unguwarsu, a ce masa an fasa, ya mayar da kafin alƙalami ta banki yadda ya karɓa. Amma ka kiyaye bakinka. Kada ka ce ko ka rubuta masa "ka biya ni ko in tona maka asiri", kada kuma ka yi alkawarin yin shiru idan ya biya. Karɓar wani abu don a rufa wa mai laifi asiri shi ma laifi ne a dokar hukunta laifuka ta final kod.

Hanya ta biyu ita ce kai rahoto, kuma saboda lambar nan da aka goge ita nake ba ka shawara, ko an biya ka ko ba a biya ba. Karɓar kuɗin mutum da bayanin ƙarya damfara ce, ga kuma mallakar bindiga ba da izini ba. Amma kada ka shiga caji ofis kai kaɗai kana ba da labari a kanta. Ka sa lauya ya rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'yan sandan Filato, ya raka ka wajen ba da bayani, domin wanda ya tura kuɗin sayen bindiga ba da lasisi ba yana iya shiga a matsayin mai ƙara ya wayi gari shi ake tuhuma da yunƙuri ko haɗin baki. Kafin nan ka ɗauki hoton tallar da ranarta, ka adana hirarku da shaidar tura kuɗi. Kada ka goge komai don tsoro. Saƙon da ka ce "na fasa" shi ne babban mai ba da shaidarka.

Idan har yanzu kana son bindiga don gona, tsarin shi ne lasisi tukuna, saye daga baya, kuma daga dillalin da ke da rajista. Ba dole ba ne a ba ka. Doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, a 2024 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar taƙaita yaɗuwarsu. Kada ka dogara da cewa wani gwamna ya ce mutane su kare kansu. Makamai suna cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya, shi ya sa da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga a 2022, 'yan sanda suka ce ba su ɗage hanin ba da lasisi ba. Ka je hedikwatar 'yan sandan jiha da ƙafarka ka tambaya ko ana karɓar takardar neman lasisi, kafin ka sake ba kowa ko kwabo, musamman masu cewa suna da hanya a ciki.