Ƙanina, kada ka sayar da kyamarar nan saboda ɓarawon hoto

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina da ka yi tambaya jiya da dare, tun da na karanta saƙonka raina bai kwanta ba. Ka ce ka ɗauki hoton wani dattijo mai rini a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ka sa a shafinka, wani babban shafi ya kwashe, ya yanke tambarinka ya buga nasa, da ka yi magana suka toshe ka. Kana tambaya ko ka sayar da kyamarar ka huta, in kuma za ka ci gaba, ta yaya za ka haɗa kundin hotunan da za a san ka da shi. Wallahi abin da ya same ka ya same ni. Ni wanda ya yi min ma ba baƙo ba ne, mutum ne da nake rusunawa in gaishe shi.

Ni ma ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, koyarwa nake yi. Da waya na fara, in hau Dutsen Dala bayan asuba in ɗauki gari kafin hayaƙi ya rufe shi. Da na kwashi adashi na sayi kyamarar Canon 600D ta hannu. A unguwarmu akwai wani mai situdiyo, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ga hotunana ya yaba, ya ce in bi shi Hawan Daushe in taya shi aiki, zai sama min wurin tsayawa a Ƙofar Kudu, ƙofar fadar sarki. Kun san yadda wurin nan yake wuyar samu. Don murna har mahaifiyata na gaya wa, ta sa min albarka.

Ranar tun azahar nake tsaye a rana, ko ruwa ban je nema ba don kada wani ya maye wurina. Sai da sarki ya je Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, ya dawo, rana ta yi sanyi, aka fara jahi. A nan Allah ya ba ni hoton da har yau ban sake samun irinsa ba. Wani matashi a kan kili ya taho a sukwane, ya ja linzami, dokin ya tashi da ƙafafun gaba, bakin rawaninsa ya kwance yana bin iska, hannunsa a sama yana jinjina, ƙura ta yi jawur a bayansa saboda hasken yamma. Da na duba bayan kyamara sai da hannuna ya yi rawa.

Da dare mutumin nan ya ce in kawo memori, zai zaɓa ya gyara a kwamfutarsa, tunda lokacin ba ni da ita. Babba ne ya ce in kawo, na kai. Aka yi ta je ka dawo, yau ba ya nan, gobe babu wuta. Ranar da ya miƙo min, memorin fayau, babu ko hoto ɗaya. Wai bairos ya cinye. Har dafa kafaɗata ya yi yana jajanta min, yana cewa in yi haƙuri, baɗi ma akwai hawa. Na koma gida na rufe ɗaki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Kuma na yarda da maganarsa, har addu'a na yi masa don na ga kamar shi ma abin ya dame shi.

Ƙarshen shekara na shiga wani kanti sayen magani, na ɗaga kai, sai ga hotona a kalanda a bango, an rubuta sunan situdiyonsa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na san shi ciki da bai, har da yaron da ya leƙo kansa a gefen hagu. Na je na same shi cikin ladabi, gaban yaransa. Bai ko musa ba. Cewa ya yi: wa ya kai ka Ƙofar Kudu? Da ba don ni ba ina za ka tsaya? Duk abin da aka ɗauka a ƙarƙashina nawa ne. Yaran suka kwashe da dariya. Ko kuɗin mota bai taɓa ba ni ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gogewar. In ɗauka zai yi ya ɗauka, me ya sa zai share nawa, ya bar ni ba ni da shaida ko ɗaya, sannan ya kalli idona ya yi min jaje? Har yau muna haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci. Mutane na ta cewa in yafe, ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma zuciyata ba ta kai can ba tukuna.

To kai ka fi ni sa'a, asalin hotonka yana hannunka. Don Allah kada ka goge shi, kada ka goge waɗanda ka ɗauka kafinsa da bayansa, su ne shaidunka. A cikin asalin akwai ranar ɗauka da lokaci da irin kyamarar, kuma ya fi nasu girma, ballantana in RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauke shi ba a matse shi ba. Toshe ka da suka yi bai hana ka komai ba. Facebook da Instagram suna da fom na ƙorafin satar haƙƙin mallaka, ka cika, ka sa adireshin intanet na hotonka da na abin da suka wallafa, ka ɗauki hoton allon tun yanzu kafin su cire. Doka ma tana bayanka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba wanda ya ɗauki hoto haƙƙinsa ba tare da ya yi rajista ba, shekara 50 daga fitar da shi ga jama'a, kuma akwai hukumar tarayya da ke kula da wannan. Sai dai in wani za ka yi wa aiki, ku yi magana a rubuce tun kafin a fita, ko da saƙon WhatsApp ne: hoton na wa, sunan wa za a sa, nawa za a biya. Kunya ce take cin mu a nan, musamman in babba ne.

Kuma memori kada ya bar aljihunka, ko wa ya tambaya. Wanda yake son hoto a tura masa kwafi. Ka shiga saitin kyamararka, Canon da yawa suna da wurin rubuta sunan mai hoto, zai riƙa shiga cikin kowane hoto da kansa. Tambari ka daina maƙala shi can a kusurwa, ka sa shi inda in an yanke hoton ya lalace. Abin da za ka wallafa ka rage masa girma. Ka ajiye komai wuri biyu, Google na ba da 15GB kyauta, ka haɗa da filash mai kyau, don jabun memori sun cika kasuwa.  

Maganar kundi kuwa, ni bayan abin nan na daɗe ban taɓa kyamara ba, ko jakarta ba na son gani. Wani abokina ne ya ja ni Nguru lokacin sanyi, lokacin da tsuntsaye ke zuwa fadamar Haɗeja da Nguru daga Turai. Muna cikin kwalekwale da sassafe na ji hannuna yana neman kyamarar da kansa. Daga nan na je Yankari da rani na jira giwaye a bakin kogin Gaji, na je Argungu a 2020 da aka dawo da bikin kamun kifi bayan dogon hutu, na tsaya a bakin Matan Fada masunta suka afka ruwa da gora da koma. Na je Katsina don hasumiyar Gobarau kaɗai. A hankali kundin ya taru. Amma in gaya maka gaskiya, waɗanda mutane suka fi tsayawa a kansu na kusa da gida ne, dukawan Kasuwar Kurmi da maƙera, don na yi ta komawa har suka daina ganina a matsayin baƙo.

Shi ya sa nake ce maka ka koma marinar nan. An ce tun 1498 take, ramuka da yawa sun bushe, masu aikin suna tsufa. Ka wanke hoton dattijon ka kai masa ya riƙe a hannunsa, ka zauna ka ji yadda ake haɗa baba da toka, ka ɗauki hannayensa, ka ɗauki masu bugu a bayan marina. Waɗancan sun sace ɗaya, ba za su iya zuwa su zauna inda kake zama ba. In ka tara, ka tace ashirin kacal mafiya kyau su zama kundinka, kada ka zuba komai. Ka riƙa neman izini, musamman wurin mata da hoton biki, kuma kada ka ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro.

Ka duba memorin yau ɗin nan ka tabbatar asalin yana nan, sannan ka yi min magana ta akwatin sirri mu cika fom ɗin tare. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Kurmi da safe, in kana da hali ka zo da kyamararka mu je.