Ɗan mitsitsin koton tarawut: in saya ko in ɗaura da kaina?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Karatu nake a Denba ta jihar Kolorado, abokai sun koya min fatsar kifin tarawut da koton gashi, wato ƙugiyar da ake ɗaura wa gashi ta yi kama da ƙwaro, to yanzu sanyi ya shigo sai na ga kowa a kogin South Platte wani ɗan mitsitsin koto yake jefawa. In sayi akwatin kayan ɗauri gaba ɗaya ne, ko in riƙa sayen ɗaurarre?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayi babban akwatin nan, rabin abin da ke ciki gashin manyan koto ne da ba za ka taɓa ba duk hunturun nan.

Abin da ƙananan koton nan suke kwaikwayo wani ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, tsutsarsa a laka take a ƙasan kogi, in ta ƙosa sai ta taso sama ta maƙale a fatar ruwa tana ƙoƙarin fita daga kwansonta, to nan ne kifi yake samunta a banza domin ba ta iya gudu. Da hunturu kusan shi kaɗai ke ƙyanƙyashewa, shi ya sa kowa ya koma kansa.

Ka fara sayen ɗaurarre kamar guda shida, har da RS2 wanda Rim Chung ya ƙirƙiro nan Kolorado ɗinku, ka zuba masa ido sosai. Sannan ka sa kuɗinka a maƙalar ƙugiya mai kyau, wato abin da ke riƙe ƙugiya lokacin ɗauri, wadda za ta riƙe ƙugiya lamba 20 zuwa 24 ba ta tsalle (lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa fa), da zare siriri 8/0 baƙi da ruwan toka, da 'yar waya ta azurfa, da gashin CDC, wato lallausan gashin da ke kusa da jelar agwagwa inda take shafo mai. Jikin koton zare ne kawai, ka naɗa wayar zagaye huɗu ko biyar, ka ɗaura ɗan tuntun gashi kusa da idon ƙugiya. Gashin ya tsaya sama, jikin ya rataya cikin ruwa. Masu koyo kullum kaurara shi suke yi, wallahi in ka ga kamar ya yi siriri da yawa to daidai ke nan. Kuma kar ka shafa wa CDC man hana nutsewa mai kauri, manne shi yake yi.

A bakin ruwa ka lura, in kifi na nuna baya da jela babu kumfa, masu tasowar yake ci. Zaren ƙarshe da ake ɗaura koto a kai ya zama siriri sosai, 6X ko 7X, ka jefa sama da shi kaɗan ka bar ruwa ya kawo masa, da zarar zare ya ja koton ya yi layi a ruwa shi ke nan ya gane. In ya ɗauka ɗaga sanda a hankali, fizga tsinka zaren take.

Tambaya: Ni a Ingila nake, kusa da tafkin Rutland Water, wannan girman zan saya?

Amsa: A'a ƙanena, ƙwaron tafkunanku ya fi girma, lamba 12 zuwa 14 za ka nema. Ka fara yankar lasisin fatsa na Environment Agency, wato hukumar kula da muhalli, da tikitin tafkin kafin ka jiƙa zare.