Kyamarar Baba Mai Fim, Za Ta Yi Wa Ɗan Koyo?

Tambaya: Salam Malam, na tsinci wata tsohuwar kyamara a akwatin Babanmu, an rubuta Olympus Mju II a jikinta, ni kuma ban taɓa ɗaukar hoto da fim ba, za ta yi min kuwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Kai ƙanwata, kin yi tsuntuwa! Wannan tun 1997 ta fito, yanzu ma tsada take yi a hannun masu sha'awa. Ita ke saita haske da nisa da kanta, naki kawai ki zuge murfin gaban ki danna. Ki nemo batir CR123A guda ɗaya da fim 35mm, Kodak Gold 200 ya isa, hoto 24 ko 36 ne a ciki, don haka ba irin na waya ba ne da ake ta dannawa ba lissafi.

Amma don Allah kar ki buɗe bayanta sai kin gama ɗaukar hotunan kuma kin ji ta gama naɗe fim ɗin da kanta, in haske ya shiga shikenan hotuna sun ƙone, ni da kaina na taɓa asarar hotunan biki guda haka. Filashinta kuma rawar kai gare shi, duk sanda kika kunna ta sai kin sake kashe shi in ba kya so. Ki fara tambayar inda ake wanke fim kafin ki saya, sun yi ƙaranci yanzu.